Yunwa Da Ƙiba Daga Kwano Ɗaya Suke Fitowa: Martani Kan Ƙibar Yara

Makon jiya wani marubuci da na daɗe ina bibiyar alƙalaminsa ya fitar da maƙala a kan ƙibar yara, kuma tun ranar da na karanta ta abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Malamin mutum ne da ake jin maganarsa, iyaye da yawa za su ɗauki abin da ya faɗa su yi aiki da shi, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba. Bari in fara shimfiɗa hujjojinsa yadda ya kawo su, don kada a ce na rage masa zance.

Cewa ya yi, a ƙasar da ake kwantar da yara a asibiti saboda tamowa, tun daga Katsina zuwa Maiduguri har Maraɗi, duk wanda ya tashi yana kukan ƙibar yara to damuwar Turawa ya aro ya yafa. A wurinmu, in ji shi, yaro mai kumatu abin a ce tubarkalla ne, alama ce ta gida mai rufin asiri. Ya ƙara da cewa ƙibar ƙuruciya da kanta take zubewa idan yaro ya fara tsawo, wadda kuwa ta ƙi zubewa gado ce, ba mai iya canza halitta. Ya rufe da cewa in ma akwai laifi, to na matan zamani ne da suka bar murhu suka rungumi waya, kuma maganin bai wuce a rage wa yaron tuwo a sa shi aiki ba.

Farkon maganarsa akwai gaskiya a ciki, kuma ban zo in ƙwace masa ita ba. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma sun haura rabi, alhali masu nauyin da ya wuce kima ba su fi kashi 2 ba. Ko rahoton UNICEF na 2025, wanda ya ce a karo na farko masu ƙiba sun fi ramammu yawa a cikin yara 'yan makaranta da matasan duniya, ya ware yankuna biyu ya ce su ba su kai nan ba tukuna: Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Saboda haka idan tambayar ita ce wanne ya fi kashe mana yara a yau, tamowa ce, babu musu.

To amma Malam bai ƙarasa karanta shafin ba. Wannan binciken na 2018 dai shi ne ya ce kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko kuma suna da ƙiba sosai. Su wane ne waɗannan matan? Ba daga Landan aka kawo su ba. Iyayen yaran nan ne, da yayyensu da gwaggwanninsu. Wanda ya san unguwannin Kano ko Kaduna ko Damagaram ya san irin gidan da nake nufi: uwa tana fama da teɓa da hawan jini, ɗanta na goye a tsumbure, yayansa ɗan shekara tara kuma ya yi jiki har yana haki in ya taka sauri. Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Ta yaya aka yi haka? Amsar tana cikin tukunyar. Idan kuɗin cefane ya yi ƙaranci, abin da ake fara yankewa shi ne nama da kifi da ƙwai da 'ya'yan itace, a bar abin da ke cika ciki da araha: fulawa, farar shinkafa, taliya, mai da sukari. Irin wannan cin yana hana jariri girma, yana kuma tara wa babba kitse. Yaro zai iya yin ɓul-ɓul alhali jininsa ya yi ƙasa. Wanda ya ɗauka yunwa da ƙiba kishiyoyi ne, wai sai an gama da ɗaya kafin a waiwayi ɗaya, bai lura cewa daga kwano ɗaya suke fitowa ba.

Alaƙar ma ta wuce nan. A lokacin sanyi na 1944 zuwa 1945, ana dab da gama yaƙin duniya na biyu, yunwa ta afka wa yammacin ƙasar Holan saboda sojojin Jamus sun datse hanyar abinci. Bayan shekaru, masana suka bi sawun yaran da suke cikin ciki a wancan lokaci. Samarin da yunwar ta sami iyayensu mata a farkon ciki sun fi sa'o'insu yawan ƙiba da suka girma. Likitan Ingila David Barker ma ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi fuskantar ciwon zuciya idan shekaru suka ja. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoye duk abin da ya samu, ranar da ya tarar da sukari da mai a wadace sai ya tara fiye da buƙata. Yaron da Malam yake tausaya wa yau a gadon masu tamowa, shi ne wanda ciwon suga ke jira nan da shekara talatin idan ya tashi a kan lemon kwalba da biskit. Ashe mai maganar ƙiba da mai maganar tamowa ba a kan yaro ɗaya suke magana ba?

Batun cewa damuwar Turawa ce kuwa, alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato fiye da miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matsayin ciwo. Hauhawar ta fi sauri a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mekziko ta daɗe tana yaƙi da ƙarancin abinci a tsakanin yaranta, sai ga shi a 2014 dole ta sa ta ɗora haraji a kan lemon kwalba mai sukari. Chile a 2016 ta tilasta wa kamfanoni manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin duk kayan ci da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa. Mu kanmu a Najeriya dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari. Shin sai mun kai inda suka kai sannan za mu yarda a yi maganar? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar kumatu da tubarkalla. Na san inda wannan soyayyar ta samo asali, kuma ba na raina ta. Kakanninmu sun binne 'ya'ya da yawa. Sun ga yadda ƙyanda da gudawa ke tafiya da ramammen yaro su bar mai ɗan jiki, suka ɗauki ƙiba a matsayin garkuwa. A zamaninsu suna da hujja. Abin da ya kamata mu duba shi ne abin da wannan tunani yake sa mu aikatawa a yau. Shi ne yake sa a danne jariri a cinya a toshe masa hanci a yi masa ɗurar koko yana kuka yana shaƙewa, abin da kan iya tura kokon cikin huhu, kuma yake koya wa yaro tun bai yi wayo ba cewa ƙoshinsa ba shi ne ma'auni ba. Shi ne yake kai uwa kemis ta sayo ruwan maganin buɗe ciki ba tare da likita ya rubuta ba, don kawai kishiya ko surukuwa ta ce ɗanta ba ya kumari. Shi ne kuma ya yi wa ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe kasuwa a tsakanin 'yan mata, ƙwayar da asalinta maganin wasu cututtuka ce, wadda shan ta barkatai ke kumbura fuska, ya tayar da suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Kuma ido yana ruɗi. Yaro mai kwashiyoko kan kumbura ƙafa da fuska har wanda bai sani ba ya yi masa tubarkalla. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne ma'aunin asibiti da katin awo, inda ake gwada nauyi da tsawo da shekaru. Iyaye nawa ne suke ci gaba da kai yaro awo bayan an gama allurar rigakafi?

Cewa ƙibar za ta zube da kanta, wannan rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai haɗarin. Jariri mai shan nono ya yi ɓul-ɓul ba abin tashin hankali ba ne, yawanci da ya fara tafiya yake miƙewa. Yaro ɗan shekara takwas ko goma daban ne. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara bincike da dama da suka bi yara har girmansu, ya gano cewa kusan kashi 55 cikin 100 na yara masu ƙiba suna shiga samartaka da ita, kuma kusan kashi 80 na matasa masu ƙiba suna zama manya da ita. Ciwon kuma ba ya jiran yaro ya girma. Nau'in ciwon suga da a da ake cewa na manya ne yanzu ana samun sa a jikin matasa. Akwai hawan jini, akwai kitse a hanta, akwai minsharin da ke ɗauke numfashi cikin barci har yaro ya wuni yana gyangyaɗi a aji, akwai ciwon gwiwa da gwamewar ƙafa. Akwai kuma wanda ba a aunawa a asibiti, wato tsokanar da yaro ke sha daga sa'o'insa, ana ce masa buhu ana ce masa lukuti, har ya daina fita wasa, rashin fitar kuma ya ƙara masa jiki.

Gado gaskiya ne, wasu jikinsu ya fi saurin tara kitse. Sai dai a dubi ƙabilar Pima. Wani ɓangarensu yana zaune a jihar Arizona ta Amurka, wani kuma a kan duwatsun arewacin Mekziko, asalinsu ɗaya. Na Mekziko manoma ne masu cin masara da wake, na Arizona sun koma abincin kanti da zirga-zirga a mota, kuma ciwon suga a cikinsu ya ninka na 'yan uwansu kusan sau biyar. Jini bai canza ba, cima da zama ne suka canza. Mu ma jinin kakanninmu ne a jikinmu, waɗanda suka rayu a kan gero da dawa da miyar kuka da tafiyar ƙasa. A gidan da uba da uwa da 'ya'ya duk suke da ƙiba, ba jini kaɗai aka gada ba, an gaji yadda ake zuba sukari a shayi da irin man da ake kwarara wa miya.

Inda na fi saɓa wa Malam shi ne inda ya tattara laifin ya ɗora a kan uwa. Malam, wa yake ba da kuɗin cefane? Wa yake shigowa bayan isha'i da leda cike da lemon roba da biskit da alawa, yara su ruga suna oyoyo Baba, a zauna a sha a kwanta a kai? Wa yake ba da kuɗin tara ba tare da ya taɓa tambayar me ake saye da shi a bakin makaranta ba? Sau nawa uwa take hana yaro zaƙi, kaka ta jawo shi ɗaki ta ba shi a ɓoye, in uwar ta yi magana a ce ba ta da kunya a kan ɗan fari? A gidan Bahaushe mace ce take dafawa, amma ba ita kaɗai take yanke abin da zai shiga tukunya ba, sau da yawa ma ba ita ce mai ta-cewa ba. Idan ta dafa indomi da safe, a tambayi farashin gas da gawayi, a tambayi ƙarfe nawa ake kulle ƙofar makaranta, kafin a kira ta malalaciya.

A kuma dubi yinin yaron birni. Ya tashi da asuba, a saka shi a adaidaita sahu zuwa boko, ya zauna a benci har azahar. Ya dawo ya ci abinci a tsaitsaye ya tafi islamiyya ya sake zama. Wasu akwai lesin a tsakani. Makarantu masu zaman kansu da yawa a gidan haya suke, babu ko filin da za a yi tsere. Filin unguwa da muka yi ƙwallo da langa a cikinsa an yanka shi fuloti an gine. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa da dare ya mutu, wani wuri saboda tsoron masu satar mutane, kuma ba wanda zai ga laifin uban da ya kulle ƙofarsa. Me ya rage wa yaron? Waya da talabijin, har tsakar dare in an kawo wuta, alhali ƙarancin barci shi kansa yana ƙara wa yaro ci da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi kowace rana, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallonsa ya wuce awa ɗaya. 'Ya mace ta fi shiga matsi, domin da ta fara girma ake ce mata gudu da tsalle ba na mata ba ne. Duk wannan uwa ce ta tsara shi?

Maganin da Malam ya bayar, na a rage wa yaro tuwo a sa shi aiki, ina roƙon iyaye kada su ɗauka. Yaro yana kan girma, ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa suna buƙatar abinci. Idan aka ware shi aka ba shi ɗan kaɗan yana kallon 'yan uwansa suna shan lemo, abin da zai koya shi ne satar ci da jin kunyar jikinsa. Ga yawancin yara abin da likitoci ke nema shi ne nauyin ya tsaya tsawo ya kamo shi, ba a ramar da su ba. Wanda ƙibarsa ta yi tsanani, ko aka ga bayan wuyansa yana yin baƙi kamar datti ba ya fita da wanka, ko yana yawan ƙishirwa da fitsari, asibiti za a kai shi a duba sugansa.

Matsayina shi ne, ƙibar yara matsalarmu ce tun yanzu, kuma gidan gaba ɗaya ne zai gyara cimarsa, uba a gaba, ba yaron kaɗai ba. Wannan gyaran shi ne dai wanda zai kare ƙaninsa daga tamowa. Ya fara daga nonon uwa zalla na wata shida, abin da binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariranmu suke samu, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu kamar yadda addini da likitoci suka haɗu a kai. Kada kuma a ce abinci mai kyau sai mai kuɗi. Ruwa ya fi lemo araha. Yawancin lemon roba mai rabin lita yana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 10, alhali abin da Hukumar Lafiya ta fi so ko ga babban mutum kada ya wuce kusan cokali 6 a yini. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi ma ba su tsira ba idan aka juye musu sukari kamar yadda ake yi na sayarwa. Muna da wake da gyaɗa da awara, muna da zogale da rama da alayyahu, muna da dambu da fate da fura da nono, ga goba da gwanda da mangwaro a lokacinsu, ga goruba da magarya da aduwa da muka tashi muna ci. Kuɗin katan ɗaya na lemo zai sayi ƙwai da kankana.

Ba daga takarda kaɗai nake wannan magana ba. Ɗan ƙanwata yana da shekara goma sha ɗaya lokacin da malaminsu ya aiko cewa kullum barci yake a aji. Mu duka muna ganin yaron, muna yi masa tubarkalla, ni kaina na sha kai masa tsarabar alawa da lemo. Da aka kai shi asibiti aka tarar jininsa ya hau fiye da na sa'o'insa, kuma minsharin da muke ɗauka gajiya ce ashe numfashinsa ne ke sarƙewa. Likitar ba ta yi wa uwar faɗa ba, cewa ta yi a kira mata uban. Ta tambaye shi me yake shigowa da shi da dare, ya faɗa mata, ta ce to daga nan za a fara.

Bai zo da sauƙi ba. Watan farko kullum sai an yi kuka a gidan, ƙannen ma suna tambayar laifin me suka yi aka daina kawo lemo. Uban ya koma sayo lemon ɓawo da ayaba, ya rage sukarin shayinsa shi ma, ya kuma ɗauki al'adar tafiya da yaran masallacin Juma'a a ƙasa maimakon a mota. Aka sa dokar ajiye waya bayan isha'i, har ta manya. Wadda ta fi wuyar shawo kai ita ce kakar yaron, wadda ta yi ta cewa za a ramar mata da miji. Sai da ƙanwata ta tafi da ita asibiti ranar awo, ta ga an ɗaura wa jikanta abin gwajin hawan jini irin wanda ake ɗaura mata, sannan ta yi shiru. Yanzu shekara biyu ke nan. Yaron bai zama siriri ba, kuma ba wanda ya nemi ya zama. Ya yi tsawo, minsharin ya ragu, yana buga ƙwallo da yamma a wani kango da ke bayan layinsu, kakar kuma dafaffiyar gyaɗa take ajiye masa a ɗaki.